Injiniya da Ɗakunan da Ke Zaman Banza

Injiniya bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, ko ta ƙofarta bai taɓa bi ba. Aikinsa a shagon sayar da ledar ɗaki yake: mai saye ya zo, a tura shi ya auno ɗakin, ya dawo ya yanka. Amma tun ranar da ya rataya tef ɗin awo a wuya ya ce kada wanda ya ƙara kiransa da wani suna sai wannan. Mutanen layin kuwa ba sa ƙin abin dariya, suka karɓa hannu bibbiyu.

Shekara goma sha huɗu yana zaune da matarsa Uwar Biyu da 'yan matansu tagwaye a gidan haya: ciki da falo, kicin, banɗaki, da wani siririn lungu da ya haɗa su. Mai gidan wata tsohuwa ce da kowa ke kira Gwaggo, tana zaune a can wata unguwa, kuma a duk shekarun nan ba ta taɓa ƙara musu ko sisi ba. Uwar Biyu ta san cewa in suka bar gidan nan, da albashin mijinta ko ɗakin kaji ba za su samu ba. Shi ya sa take riƙe gidan kamar ƙwai, bango ya tsage ta liƙe, famfo ya ɗiga ta ɗaure.

Masifar ta faro ne daga shagon mai aski da ke kallon ƙofarsu. Ana yi wa Injiniya gyaran fuska sai wani a rediyo ya ce duk magidancin da ba shi da ajiyar da za ta riƙe shi wata shida, to ba shi da kwanciyar hankali. Injiniya ya miƙe da kumfa a rabin haɓa.

"Wata shida? Ku ba ni wata uku, in ban tara abin da zai riƙe ni shekara shida ba ku canza mini suna."

"Zauna in ƙarasa," in ji mai aski. "Na askin bara ma da ƙyar ya fito."

"Matsalarku ke nan, ba ku da tsari. Ni da ido kawai nake gane inda kuɗi ke yoyo."

A ranar ya samo wani babban gwangwanin madara, ya huda murfin, ya rubuta masa Kwanciyar Hankali da jan fenti, ya ɗora a kan kabad. Ya raba sabulu gida huɗu. Ya kafa dokar cewa ganyen shayi sai ya yi aiki sau uku, a riƙa shanya shi a igiya tare da safa. Ya cire batirin agogon bango, ya ce mai son sanin lokaci ya leƙa na mai aski. Bayan mako biyu ya girgiza gwangwanin, ya ji 'yan tsabar da ke ciki ba za su sayi ko gwangwanin ba.

Ran nan da hantsi ya sami Uwar Biyu a kicin tana yanka albasa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza tef.

"Uwar Biyu, yanzu muna ina?"

"Ga ka ga ni, a kicin."

"Falo fa, wa ke ciki?"

"Ba kowa."

"To kin gani. Muna biyan kuɗinsa, shi kuma yana zaman banza. Ma'aikacin da ba ya aiki ai ba a ba shi albashi."

"Baban Biyu, falo ne. Zama shi ne aikinsa."

"Na auna mutum, na auna ɗaki. Mutum a kwance taku shida ne da biyu. Mu huɗu ne, biyu ma rabi-rabi. Duk sauran filin nan almubazzaranci ne."

Ta ajiye wuƙar. "Gwaggo ta sani?"

"Gwaggo kuɗinta take so a kan lokaci, kuma za ta samu. Ke dai ki zuba ido ki ga aikin ilimi."

Kafin mako ya zagayo falo ya sami mai haya, wani mai gyaran lasifika. Don ya nuna shi babban mutum ne, Injiniya ya ce kuɗin wuta a bar masa, shi zai biya. Kujerun falon suka rasa wurin zama, ya sayar da su a rabin kuɗi, ya ce dama kujera ke jawo baƙi, baƙi kuma ke shan shayi. Daga ranar, tun safe har yamma, ba abin da ke fitowa daga gidan sai muryar mutumin nan: gwaji, gwaji, ɗaya, biyu. Bai taɓa kai wa uku ba. In ya gwada babbar lasifika, kwanukan kicin sai su kama rawa su kaɗai, tagwayen kuma suka koyi yi wa uwarsu magana da hannu.

Mai aski ya tare shi a hanya. "Injiniya, jiya saura kaɗan in cire wa mutum kunne. Ina cikin aski aka ce gwaji."

"Wannan sautin kuɗi ne kake ji. Kunnenka ne bai saba ba."

Sai kicin. Injiniya ya zauna da takarda ya gano cewa Uwar Biyu awa uku kawai take yi a ciki, sauran awa ashirin da ɗaya murhu na hutawa kamar ɗan sarauta. Ya kawo wata mai dafa abincin sayarwa, mace mai faɗin kafaɗa da manyan tukwane huɗu. Ita ma ya ce ruwa a kansa. Yarjejeniyar ita ce Uwar Biyu za ta riƙa shiga in an sauke tukwane, sai dai tukwanen nan ba a taɓa sauke su ba, ɗaya na sauka ɗaya na hawa.

Rana ta uku Uwar Biyu ta tsaya a ƙofar kicin ɗinta da kwano a hannu, a bayan wasu leburori biyu.

"Na nawa za a zuba, maƙwabciya?" in ji mai abinci.

"Da ludayina kike tambayata?"

"Ludayin na cikin haya. Tambayi mijinki."

Da ta kai ƙara, Injiniya ya ce ta duba abin da idon basira: ba sayen gawayi, ba wanke-wanke, ga ƙamshi kyauta tun asuba. Ta dube shi, ta dubi kwanon, ta ce ƙamshin sai ya ci ya ƙoshi, ita da yara za su ci abincin.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma wata safiya yana ɗaura takalmi sai idonsa ya faɗa kan gado, an gyara shi, an ja zanin gado, ba kowa a kai. Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Katifa mai tsada irin wannan, tun bakwai na safe har dare ba ta kawo komai. Da yamma ya dawo da wani dogon mutum mai jajayen idanu, mai gadin wani kamfani, wanda ke aiki da dare yana neman inda zai yi barci da rana.

"A gadona?" in ji Uwar Biyu.

"Da rana ba naki ba ne, ba kya kai. Bakwai ya shiga, shida ya fita. Ko ganinsa ba za ki yi ba."

Ganinsa kam ba ta yi sosai, ji take yi. Minsharin mai gadi ya kai ga mai gyaran lasifika ya shigo da kansa ya yi ƙorafi, ya ce ba ya jin gwajinsa. Mai gadi kuma ba ya wasa da lokaci. Bakwai daidai yana bakin gado da tocila a hannu, ko an tashi ko ba a tashi ba.

Ana haka zazzaɓi ya kama Injiniya. Ya dawo daga shago da tsakar rana yana rawar sanyi, ya nufi ɗaki, ya tarar da mai gadi ya baje, ƙafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Ya taɓa shi a hankali.

"Ɗan'uwa, ɗan matsa mini. Ba ni da lafiya."

Mai gadi ya buɗe ido ɗaya. "Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya."

"To lokacina ne."

"Gadona ne fa."

"Daga shida. In gefe kake so sai mu yi ciniki."

Suka yi ciniki. Injiniya ya kama hayar gefen bango na gadonsa na awa biyar, a farashin da shi kansa ya yaba, ya ce mutumin ya fara gane tsari. Da labarin ya kai shagon mai aski, wani dattijo ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Injiniya bai gama warkewa ba mai gadi ya kawo abokin aikinsa, mai gadin rana, wanda shi kuma da dare yake neman makwanci. Injiniya ya ga katifa za ta yi aiki ba dare ba rana, ya ji har zazzaɓin ya sake shi. Ya kwashe iyalinsa zuwa lungu. Kabad da akwatuna ya kai su ajiya wani shago inda ake biya duk wata. Ya durƙusa da alli ya zana wa kowa wurinsa a ƙasa: shi taku shida da biyu, Uwar Biyu biyar da rabi, tagwaye su raba guda, kan wannan a ƙafar waccan.

"In na juya fa?" in ji Uwar Biyu.

"Juyi ɗabi'a ce, ana iya bari."

Lungun nan shi ne hanyar banɗaki. Mai lasifika da masu kawo masa gyara, mai abinci da masu cin abincinta, masu gadi biyu, kowa ta kan tabarmarsu yake bi yana cewa a gafarce shi. Injiniya ya manna jadawalin shiga banɗaki a ƙofa, ya ba iyalinsa minti goma sha biyar kafin fitowar rana, ya ce wanda bai ji buƙata a lokacin ba ya jira gobe.

Ƙarshen wata na uku Uwar Biyu ta ɗauko gwangwanin daga inda Injiniya yake matashi da shi, ta girgiza. Shiru.

"Kuɗin takarda ba sa ƙara in an girgiza," in ji Injiniya.

Ta sa cokali ta ɓalle murfin. Takarda ce kuwa, amma ta lissafi, da rubutun hannunsa. Kuɗi suna shigowa, ba ƙarya, sai dai ba sa kwana. Wutar da lasifika ke sha, ruwan da tukwane huɗu ke sha, abincin saye sau uku a rana, kuɗin ajiyar kabad, wanki da guga a waje tunda ba wurin shanya, maganin ciwon baya, da gilashin tagar maƙwabta da babbar lasifika ta fasa. Har 'yan tsabar farko sun bi su.

"Baban Biyu," ta ce a hankali, don a lungu ko raɗa kowa na ji, "ka sallami mutanen nan tun kafin maganar ta kai kunnen Gwaggo. Ni ba kuɗi nake tsoro ba, gidan nake tsoro."

"Kowane babban tsari sai ya fara da ɗan rami. Wata mai zuwa za ki nemi gafarata."

Maganar ta riga ta kai. Ranar Asabar da hantsi Gwaggo ta sauka daga mota a bakin layi, tana dogara sanda, tana jan ƙafar dama. Kafin ta iso ƙofa bencin mai aski ya cika, na tsaye sun fi na zaune. Ta leƙa falo, aka ce mata gwaji, ta ja da baya. Ta leƙa kicin, aka tambaye ta na nawa. Ta tsaya a lungu ta daɗe tana kallon zanen alli, da tabarmi a naɗe, da takalman tagwaye a jere a kan taga. Da ta fito ƙofa idonta ya kawo ruwa. Ta kama hannun Uwar Biyu a gaban jama'a.

"'Yata, ashe haka abin ya kai, ba ki faɗa mini ba? An ce mini kun koma kwana a ƙasa, na ce ƙarya ne. Talauci ba abin kunya ba ne. Ku sallami mutanen nan, ku koma ɗakinku. Shekarar nan kada ku ba ni komai, in Allah ya buɗa ma yi magana."

Uwar Biyu ta durƙusa. Daga benci wani ya ce Allah sarki, ashe Injiniya karyewa ya yi. Wani ya ce dama ya ga wuyan ya rame, har tef ɗin ya yi masa yawa. Mai aski ya ce daga yau askinsa kyauta ne, sadaka.

Kalmar nan ta sadaka ita ta shiga kunnen Injiniya ta ƙi fita. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Gwaggo, na gode, amma a gyara magana. Ni ba karyewa na yi ba."

Uwar Biyu ta kama ƙafar wandonsa ta ja. Ya fizge.

"Wannan da kike gani ilimi ne. Shekara goma sha huɗu kina zaune a kan arziki ba ki sani ba. Falon nan kaɗai, abin da yake kawo mini ya biya hayar gidan gaba ɗaya."

Gwaggo ta saki hannun Uwar Biyu. "Falon kaɗai?"

"Kaɗai. Kicin ya fi shi. Gado kuwa sau biyu yake haihuwa a rana." Ya zare tef daga wuya ya miƙa shi a iska, ya juya ga 'yan benci don su ma su ƙaru. "In aka haɗa, ninki huɗu na abin da nake ba ki. Ni da ido kawai nake gani."

"Gwaggo, gwangwanin ba komai a ciki," in ji Uwar Biyu. "Wallahi ko sisi."

"Rabu da ita, ba ta san inda manya ke ajiya ba," in ji Injiniya.

Gwaggo ta nemi kujera. Mai aski ya kawo mata ta aski, ta zauna, ta miƙe ƙafar dama tana shafa gwiwa. Hawayen ya bushe.

"Shekara uku likita na cewa a yi wa gwiwar nan aiki," ta ce. "Ina cewa ba hali. Ɗana ya ce in ƙara muku haya, na ce masu 'ya'ya ne, a bar su. Ninki huɗu ka ce?"

"Har da ɗoriya," in ji Injiniya, amma muryar ta ɗan sauka.

Ta sa aka kira mai lasifika, ta tambaye shi ko zai damu in ita ya riƙa biya. Ya ce shi ko wa ya miƙo hannu. Mai abinci ta fito da ludayi, ta ce ita ma haka, har ta fi son hulɗa da mace. Aka taso mai gadi, ya fito naɗe da zanin gadon Uwar Biyu, ya ce ko wa za a biya a biya, a dai bar shi ya koma.

Uwar Biyu ta matso a gwiwa. "Gwaggo, ki bar mana ko lungun."

Gwaggo ta buɗe baki, kuma da alama eh za ta ce. Amma Injiniya ya ga ana roƙo da sunansa a gaban mai aski.

"Lungun ma ba ƙaramin wuri ba ne," ya ce. "Taku ashirin da uku ne. Akwai masu bina a kansa, ni ne ban sallama ba."

"Su wa?" in ji Gwaggo.

Babu su, ƙarya ce ta zo masa baki. Ya shiga waige-waige yana neman sunan da zai kama. Sai mai aski ya ɗaga almakashi.

"In dai da gaske ana bayarwa, ni ina so. Masu jiran layi na shan rana a waje."

Gwaggo ta dogara sanda ta miƙe. Ta dubi Uwar Biyu, kuma tausayin da ke fuskarta na gaske ne.

"'Yata, ke ba ki yi mini komai ba. Amma mijinki ya ce ku masu hali ne, ni kuwa ba ni da shi. Ƙarshen wata nake son makulli." Ta juya ga Injiniya. "Kai kuma Allah ya ƙara ilimi. Ka buɗe mini ido."

Ya ce amin.

Ranar ƙarshen wata da safe amalanke ɗaya ya tsaya a ƙofa. Kujeru an sayar, tukwane da ludayi na cikin haya, gado na da masu shi har biyu, kabad kuma mai shagon ajiya ya riƙe. Abin da ya rage tabarmi ne, da ƙullin kaya uku, da bokiti. Tagwaye suka hau kan ƙullin suka zauna. Uwar Biyu ta fito ƙarshe, ta tsaya ta dubi tsagar bangon da ta liƙe da hannunta, sannan ta ja mayafi ta sauko. Daga falo ana ta cewa gwaji.

Injiniya ya zagaya amalanken, ya auna tsawon kayan, ya auna faɗi, ya ɗaga murya yadda 'yan benci za su ji.

"Kin ga amfanin tsari? Shekara goma sha huɗu, amalanke ɗaya ya kwashe mu. Wasu sai sun kira babbar mota."

Uwar Biyu ba ta yi fushi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"To faɗa wa mai amalanke inda zai kai mu."

Injiniya ya buɗe baki. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya naɗe tef ɗin a yatsa ya warware. Har mai aski ya tsayar da almakashi.

Mai amalanke ya goge gumi, ya jingina da hannun amalanken.

"Ku yi shawara a hankali, maigida," ya ce. "Amma tsayuwar ma da kuɗinta."